Yawan sukari ba ya hana zoɓo lalacewa

Masu zoɓon sayarwa da dama a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas sun ɗauka yawan sukari ne ke sa ya daɗe. Ba haka ba ne. Sukarin nan shi ne abincin yis da ke maƙale a ludayi da tsofaffin gorori. Da zafin Legas, in wuta ta ɗauke kwana guda, sai ka ga gora ta kumbura, kumfa ta taso, zoɓon ya kama hanyar zama giya. Asara ce babba ga mai neman halal.

A zuba sukari da abarba tun yana kan wuta, a sake tafasawa bayan tacewa. A ɗura da zafinsa a kwalbar da aka tafasa, a rufe nan take, a ajiye a firji, ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Celsius.