Shona da Kalanga: Binciken Harshe da Amfaninsu a Bainar Jama'a

Shona harshe ne na dangin Bantu, kuma shi ne mafi yawan masu magana a Zimbabwe, da wasu a yammacin Mozambik. Kalanga ɗan'uwansa ne na kusa, ana jin sa a kudu maso yammacin Zimbabwe, wajejen Plumtree, Bulilima da Mangwe, da arewa maso gabashin Botswana, kewayen Francistown da Tutume. Mutanen Zimbabwe suna kiran sa TjiKalanga, na Botswana kuwa Ikalanga. Tambayar da ta fi ɗaukar hankalin masana ita ce: Kalanga karin harshen Shona ne, ko harshe ne mai cin gashin kansa? Amsar tana da alaƙa da wani rahoto na 1931 fiye da yadda take da alaƙa da nahawu.

Aikin Doke

Kafin wannan lokaci, kowace ƙungiyar 'yan mishan tana rubuta karin yankin da ta sauka, da nata salon haruffa. Katolika a Chishawasha sun ɗauki Zezuru, cocin Dutch Reformed a Morgenster ya ɗauki Karanga, 'yan Methodist na Amurka a Old Umtali suka kama Manyika. Sai aka wayi gari kalma guda tana da rubutu uku ko huɗu. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabwe ta yau, ta gayyaci Clement Doke, masanin harshe daga Jami'ar Witwatersrand a Afirka ta Kudu. Ya zagaya yankunan, ya saurari mutane, sannan a 1931 ya fitar da rahotonsa kan haɗe kare-karen Shona.

Doke ya gina daidaitaccen harshen ne musamman a kan Zezuru, Karanga da Manyika, ya ba Korekore da Ndau ɗan gurbi. Kalanga kuwa ya bar shi waje, yana ganin ya yi nisa da sauran, ya kuma ba da shawarar a yi amfani da Ndebele a makarantun yankin. Yaron Kalanga ke nan ya tashi yana karatu da harshen maƙwabcinsa, na gidansu kuma ba littafi.

Mai karanta Hausa zai ga abin sha'awa a haruffan Doke: ya sa ɓ da ɗ, irin masu ƙugiyar nan namu, don Shona ma yana da waɗannan sautuka. Ba su daɗe ba. Injinan buga rubutu ba su da su, sai gyaran 1955 ya cire haruffa na musamman, gyaran 1967 kuma ya juya lissafin: b da d zalla su ne masu sautin ɓ da ɗ, waɗanda suka yi kama da b da d na Hausa kuma aka rubuta su bh da dh. Akwai kuma sautukan da ke fita kamar ana fito, waɗanda ake rubutawa sv da zv, kamar a sunan garin Masvingo. Masu nazarin furuci sun daɗe suna muhawara kan rawar da leɓe da harshe ke takawa wajen fitar da su.

Bambancin da kunne ke fara kamawa tsakanin harsunan biyu yana cikin sunayen kansu: Karanga da Kalanga. Inda Shona ke sa r, Kalanga yakan sa l, harafin da babu shi a daidaitaccen Shona.

Nahawu da ƙamus

George Fortune ya rubuta nahawun Shona mai zurfi a 1955, ƙamus ɗin Michael Hannan ya biyo a 1959. Babban sauyi ya zo a 1996, lokacin da aka buga Duramazwi reChiShona ƙarƙashin jagorancin Herbert Chimhundu na Jami'ar Zimbabwe, da haɗin gwiwar jami'o'in Oslo da Gothenburg. Shi ne ƙamus na farko da ya bayyana Shona da Shona, ba tare da jingina da Ingilishi ba. Kalanga bai samu irin wannan gata ba, ko da yake Joyce Mathangwane ta yi nazari mai nauyi kan tsarin sautinsa a ƙarshen shekarun 1990.

A bainar jama'a

Dokar ilimi ta Zimbabwe ta 1987 ta fifita Ingilishi, Shona da Ndebele. Kundin tsarin mulki na 2013 ne ya amince da harsuna 16, ya lissafa Kalanga, ɗan'uwansa Nambya da Ndau kowanne da sunansa, wato ya warware wani ɓangare na ɗaurin Doke. A Botswana, bayan 'yancin kai na 1966, Setswana da Ingilishi suka mamaye makaranta da rediyon gwamnati, abin da ya sa 'yan Kalanga suka kafa ƙungiyar raya harshensu.

Masu nazarin maganar siyasa a Zimbabwe sun fi dagewa kan sunaye da take na Shona. A taron gangami, mai jawabi yakan ɗaga dunƙulen hannu ya ce pamberi, wato gaba dai, jama'a su amsa. In ya ce pasi, wato ƙasa da wane, an san wa ake nufi. Rusau ɗin da gwamnati ta yi a birane a 2005 an sa masa suna Murambatsvina, mai ƙin ƙazanta, alhali a Ingilishi an kira shi aikin maido da oda. Waɗanda aka rushe wa gidaje sun gane ko su wa aka kira ƙazantar. Gukurahundi kuwa asalinsa ruwan farko ne da ke wanke ƙaiƙayi bayan sussuka, amma ya zama sunan kisan da sojoji suka yi a yankunan Matabeleland da Midlands na Zimbabwe daga 1983 zuwa 1987, wanda ya shafi ƙauyukan Kalanga ma. A Harare, matasa da masu wa'azi da 'yan kasuwa suna surka Shona da Ingilishi cikin jimla ɗaya, kwatankwacin ingausa, kuma wannan salon ya zama fagen bincike a jami'o'in ƙasar.