Giyar zuma: tun yaushe ake wannan musun?

Duk wanda ya san hanyar Gadarif zuwa Gallabat ya san tej, giyar zuma, ko da bai taɓa kai shi baki ba, abin nan ruwan ɗorawa da makwabtanmu Habashawa ke zubawa a kwalba mai dogon wuya, berele suke ce mata. Yanzu kuma sai ga samari na turo bidiyo a WhatsApp wai giyar zuma magani ce, tunda ai zuma ce. To bari mu koma baya.

Abin ya tsufa ba kaɗan ba. A Jiahu ta ƙasar China an tono tukwane na wajen shekara 7000 kafin haihuwar Annabi Isa, aka samu ɓurɓushin abin sha na zuma da shinkafa da 'ya'yan itace. Kuma ba wata fasaha ba ce, zuma tsantsa ba ta tsima saboda ruwan cikinta bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, yis ba ya iya aiki, amma ka sirka ta da ruwa ka ajiye a zafi irin namu, kwana kaɗan za ka ga kumfa ta hau, sukarin ya fara komawa barasa. Habashawa suna ƙara itacen gesho don ɗaci, kuma da can tej na gidan sarauta ne da manyan fada, daga baya ya sauko kasuwa.

Larabawan Yaman ma suna da tasu, al-bit'u. Abu Musa al-Ash'ari da aka tura shi Yaman ya tambayi Manzon Allah (SAW) a kanta da kuma ta sha'ir, amsar ita ce duk abin da ke sa maye haramun ne. Sayyidina Umar a kan mumbari ya lissafa abu 5 da ake giya da su, zuma na ciki. Kenan tambayar samarin nan an yi ta tun a Madina.

Maganar amfani fa? Masu talla su ce tana gyara ciki, tana ƙara ƙarfi. Warakar da Suratul Nahli ta ambata a zuma take, ita ko barasa, hukumar lafiya ta duniya ta faɗa a 2023 cewa babu wani adadinta da ba ya cutarwa.

Ni inda abin ya fi shafarmu a nan Sudan ma sharbot ne, jiƙon dabinon nan na sallar layya da ake sha bayan an cika ciki da nama. Shugaban ƙasa na lokacin, Nimeiri, ya zubar da kwalaben giya a Nilu a 1983, an sassauta haramcin giyar ga waɗanda ba musulmi ba a 2020, amma musun sharbot yana nan a gidajenmu kowace shekara. Hadisin Ibn Abbas ya nuna ana jiƙa wa Annabi zabibi ya sha har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Wasu gidajen kam robar tana kai mako a bayan ɗaki, murfi har ya kumbura.