Fasahar jere mai shigar da ɗan kallo

Fasahar jere reshe ne na zane-zanen zamani, inda mai fasaha ke shirya kaya a ɗaki ko fili, wurin gaba ɗaya ya zama shi ne aikin. Ba hoto ba ne da ake ratayewa a bango. Ɗan kallo shiga yake yi ya zagaya, ya taɓa, wani lokaci ya bar muryarsa ko rubutunsa. Idan babu mai shiga, aikin bai kammala ba. Salon ya ƙarfafa a Amurka da Turai daga ƙarshen shekarun 1950, kuma Allan Kaprow na cikin waɗanda suka share masa hanya.

Tunawa da dangi ita ce jigon da ya fi dacewa da shi, domin tsofaffin kaya suna riƙe da abin da baki ya manta. A 2005, Song Dong na ƙasar Sin ya baje kayan mahaifiyarsa sama da 10,000 a Bejin: sabulai, takalma, murafen kwalabe, tukwane, har da katakon tsohon gidansu. Shekarun talauci ne suka koya mata ƙin yar da komai, rasuwar mijinta a 2002 kuma ta ƙara mata riƙo. Ita da kanta ta taya ɗanta jerawa, kuma wannan ne ya ba aikin nauyinsa. Christian Boltanski na Faransa, wanda ya rasu a 2021, ya yi aiki da tsofaffin hotuna da gwanjon tufafi, ya kuma naɗi bugun zuciyar maziyarta, aka adana a tsibirin Teshima na Japan.

Wasu kuwa halin ɗan Adam suke gwadawa. A 1974, a Napoli ta Italiya, Marina Abramović ta ajiye abubuwa 72 a kan tebur, har da fure da almakashi da bindiga, ta tsaya awa 6 ba ta hana 'yan kallo yi mata komai da su ba. An fara da ladabi, daga baya aka kai ga yanka mata tufafi.

A Zariya wannan tunani ba baƙo ba ne. Ƙungiyar masu zane ta Zariya, wadda ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa a 1958, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, ta dage kan haɗa dabarun zamani da gadon gida. Gadon kuwa yana nan a ɗakin amarya. Ranar jere, gwaggwanni da yayye ke shirya kwalla da langa da tasoshi, sannan mata su zo ganin ɗaki, ana nuna wannan na kakarta ne, wancan gudummawar inna ce. Bambancin dai shi ne, a ɗakin amarya ba wanda ke sa hannu a matsayin mai aikin, kuma ba a kwashe kayan bayan wata guda: amarya ce za ta zauna da su.