Dokar Hokin Ƙanƙara Ba Ta Taɓa Halatta Dambe Ba

Mutane da yawa da suka ga 'yan wasan hokin ƙanƙara na gasar NHL ta Amurka da Kanada sun jefar da sanduna da safar hannu suna naushin juna, alƙalai kuwa sun ja gefe suna kallo, sukan ɗauka cewa doka ce ta yarda da dambe. Ba haka ba ne. Tun shekarar 1922 dokar gasar ta ɗauki dambe a matsayin laifi, sai dai hukuncinsa zaman minti 5 ne a benci maimakon kora daga wasa. Alƙalan kuma jira suke yi sai wani ya faɗi ko duka biyun sun gaji, domin shiga tsakanin ƙarti biyu a kan ƙanƙara mai santsi yana da haɗari.

Sassaucin hukuncin ne ya sa ƙungiyoyi suka riƙa ajiye ƙaton da aikinsa kare taurarinsu, kamar yadda Dave Semenko ya tsaya wa Wayne Gretzky a ƙungiyar Edmonton. Wani ɗan wasa da ya yi suna wajen dambe, Dave Schultz na ƙungiyar Philadelphia Flyers, ya tara minti 472 na hukunci a kakar 1974 zuwa 1975, adadin da har yau ba wanda ya kai shi, kuma ƙungiyarsa ta ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, a kakar. A ganina, wannan nasara ta koya wa sauran ƙungiyoyi mummunan darasi.

A gasar Olamfik da wasannin jami'o'in Amurka kuwa, wanda ya yi dambe korarsa ake yi daga wasan.