Laringoskof mai kamara da na hannu wajen sa tiyo mai rami biyu

Tiyo mai rami biyu wani tiyo ne na roba da masu sa barci a bulok, wato ɗakin tiyata, ke zura ma maras lahiya ta baki har cikin hanyar numfashi in za a yi mishi aiki a ƙirji. Amfaninshi shi ne raba huhun dama da na hagu, a sace iskar wanda za a yi ma aiki ya kwanta likitan tiyata ya samu wuri, ɗayan kuma mashin ya ci gaba da hura shi, sannan in akwai mugunya ko jini a huhu guda kar su malale su cika mai lahiyar. Eric Carlens ɗan ƙasar Suwidin ne ya fito da shi a 1949, shi ya sa har yau ma'aikata da yawa da suka yi karatu da faransanci Carlens kawai suke ce mishi, ko da yake samfurin da aka fi aiki da shi yanzu ya fi kusa da na Frank Robertshaw na Ingila na 1962.

Kafin tiyon ya shiga sai an ga ƙofar maƙogwaro, wato tsakanin igiyoyin murya biyu, kuma hanyoyi biyu ne ake ganinta da laringoskof, wato na'urar leƙa maƙogwaro.

Hanyar gani da ido

Ita ce tsohuwar. Ƙarfe ne mai mariƙi da ɗan fitila a baki, wanda aka fi sani shi ne lanƙwasasshe na Robert Macintosh na 1943, akwai kuma miƙaƙƙe na Miller na 1941. Mai sa barci yana ture harshe gefen hagu, ya ɗaga muƙamuƙi sama, ya duƙa ya leƙa da idonshi. Dole baki da maƙoshi da maƙogwaro su zo kusan layi ɗaya, in wuya gajere ne ko ba ya miƙuwa, ko haƙoran sama sun yi gaba, ko akwai maƙoƙo babba, to gani na iya gagara. Tun 1984 ake auna wanga gani da matakai 4 na Cormack da Lehane, mataki na 1 ana ganin ƙofar duka, na 4 ba a ganin komi.

Hanyar kamara

Nan an sa 'yar kamara kusa da bakin ƙarfen, hoto na fitowa a allo. GlideScope da likita John Pacey na Kanada ya ƙera ya fito a 2001, bayanshi aka samu C-MAC da McGrath da King Vision da sauransu. Iri biyu ne kuma bambancinsu shi ne zuciyar maganar, akwai masu siffar Macintosh sak da aka ƙara ma kamara, akwai kuma masu lanƙwasa sosai kamar digiri 60, waɗanda ke hango ƙofar ta bayan harshe ba tare da an ɗaga komi da ƙarfi ba.

Inda gardama take

Ga tiyo na kullum mai rami ɗaya magana ta kusa ƙarewa, babban nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken likitanci, na 2022 da ya haɗa bincike sama da 200 ya nuna kamara na rage kasawa kuma tana gyara gani. Amma tiyo mai rami biyu wani abu ne daban. Kauri gare shi ƙwarai, mata akan sa musu lamba 35 ko 37, maza 39 ko 41, kuma lamba 41 ta kusa milimita 14 a faɗi, ga tsawo ga tauri, ga lanƙwasa biyu da ba su kallon gefe guda, ga balan-balan biyu da ake hurawa don su toshe gefen tiyon iska kar ta zurare, fari na sama da shuɗi na ƙasa. Shi da ƙarfen laringoskof duk a baki ɗaya za su zauna, wurin ya matse, kuma balan-balan na sama in ya gogi haƙori ya yage shi kenan sai an buɗe wani sabon tiyo, mai tsada kuwa.

To da ƙarfe mai lanƙwasa sosai sai ka ga ƙofar maƙogwaro tarwai a allo amma tiyon ya ƙi zuwa, ko ya shiga ya tokare bangon gaba na bututun iska ya tsaya, kamar mai shigar da doguwar azara ta zaure, yana kallon ƙofa ta biyu amma azarar ba ta san kwana ba. Dole a sake lanƙwasa tiyon da siririn ƙarfen da ke cikinshi ya bi siffar laringoskof, da bakinshi ya wuce igiyoyin murya a zare siririn ƙarfen na ciki, a juya tiyon a hankali, sannan a yi juyin digiri 90 zuwa hagu don ya nufi reshen huhun hagu. Yawan juyin nan ne ke sa wani lokaci ya ɓace ya faɗa reshen dama. Shi ya sa binciken da aka yi bai zo da baki ɗaya ba, da yawa sun samu cewa kamara na ƙara samun nasara tun gwajin farko kuma tana rage ciwon leɓe da haƙori da ciwon maƙoshi bayan aiki, wasu kuma, musamman da masu lanƙwasa sosai a hannun waɗanda ba su saba ba, sun samu cewa ana daɗewa fiye da Macintosh, tiyon kuma ya fi zama ba daidai ba. Ga mutum mai sauƙin maƙogwaro a hannun gwani, bambancin ba shi da yawa.

A ganina mai siffar Macintosh da kamara shi ne ya fi dacewa da wanga tiyo, don hanyar miƙaƙƙiya ce yadda hannu ya saba, in allo ya mutu ko majina ko jini sun rufe kamara sai ka duƙa ka leƙa da ido da ƙarfen nan dai, kuma mai taimako da ke danna maƙogwaro daga waje yana ganin abin da yake yi, malami ma yana ganin abin da ɗalibinshi ke gani, wanda babban abu ne wajen koyarwa.

Abin da kamara ba ta yi

Ganinta ya tsaya a igiyoyin murya. Ƙasa da nan bututun iska na rabuwa biyu, reshen hagu ya kai kamar santimita 5, na dama kusan rabin haka kuma reshen saman huhu na fita daga jikinshi nan kusa, dalilin da ya sa ake fifita tiyon da ke shiga reshen hagu kenan. Ga mutum mai tsawon santimita 170 tiyon kan tsaya wajen santimita 29 a haƙora. Ana matse rami guda a saurari ƙirji, a matse ɗayan a sake saurare, amma kunne na yin kuskure, tabbacin gaskiya sai da siririn fibroskof, wato igiyar leƙawa mai lanƙwasuwa, da ake zurawa cikin tiyon a ga shuɗin balan-balan zaune daidai ƙasan mararraba, kuma a sake dubawa bayan an juya maras lahiya ya kwanta a gefe don tiyon na gocewa.

A Maraɗi da sauran Nijar

Masu buƙatar aikin ƙirji a nan sau da yawa waɗanda tarin huka ya lalata ma huhu ne, ko mugunya ta taru musu a ƙirji, ko haɗarin mota da babur ya fasa musu haƙarƙari, kuma a irin waɗannan raba huhu na iya zama abin da zai ceci rai. Yawancin sa barci a ƙasar manyan ma'aikatan anestezi, wato masu sa barci da ba likitoci ba, ne ke yinshi saboda likitocin fannin kaɗan ne, don haka na'urar da ke sauƙaƙa koyo tana da daraja, sai dai akwai kuɗɗin saye, da batir da caji, da bakin roba na yarwa da wasu samfura ke buƙata kullum, gwamma mai bakin ƙarfe da ake wankewa a sake aiki da shi. Asibitin da zai fara aikin huhu ya sa fibroskof a lissafi tun farko, ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kuma su ƙware da Macintosh na hannu tukuna.

In maƙogwaro ya yi wuya da gaske ba a dagewa da tiyo mai rami biyu, ana sa na rami ɗaya a tabbatar iska na shiga, daga baya a musanya shi ta kan doguwar siririyar roba ana kallo a allo, ko a bar shi a zura ɗan toshe mai balan-balan cikin reshen huhun da za a yi ma aiki.