Farashin cinikin kamfanoni 'yan gida ɗaya a dokar harajin Najeriya

Farashin cinikin 'yan gida ɗaya shi ne farashin da kamfanoni masu alaƙa suke sanya wa junansu idan sun sayar wa juna kaya, ko sun yi wa juna aiki, ko sun ba juna rance. Alaƙar na iya zama ta uwar kamfani da reshensa, ko ta kamfanoni biyu da ke ƙarƙashin ikon mutum ɗaya. Da yake mai saye da mai sayarwa aljihunsu ɗaya, suna iya karkatar da riba zuwa inda haraji ya fi sauƙi. Shi ya sa doka ta ce a yi irin wannan ciniki a kan farashin da bare zai yi da bare, wato farashin kasuwa, ba na zumunci ba.

Asalin dokar

Hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, mai hedikwata a Abuja, ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan wannan batu a 2012. A 2018 ta maye gurbinsu da wasu masu tsauri, bayan OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe da ke Faris, ta kammala shirinta na toshe hanyoyin fitar da riba a 2015. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu, waɗanda a ƙarƙashinsu sunan hukumar ya koma NRS, wato Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Najeriya, daga 1 ga Janairun 2026.

Abin da ake buƙata

Ƙa'idojin 2018 sun tanadi fom biyu. Na farko yana bayyana su wane ne masu kamfani da daraktocinsa da kamfanonin da yake da alaƙa da su, kuma ana sabunta shi idan an sami babban canji. Na biyu na shekara-shekara ne, yana lissafa cinikin da aka yi da 'yan uwan kamfani, ana miƙa shi cikin wata shida bayan rufe lissafin shekara. Sai kundaye biyu na hujja, ɗaya a kan rukunin kamfanonin baki ɗaya, ɗaya a kan kamfanin da ke Najeriya. Idan hukuma ta nema, kwana 21 ake da shi. Wanda cinikinsa da 'yan uwansa bai kai naira miliyan 300 a shekara ba, ba dole ne ya tanadi kundayen tun da wuri ba, amma idan aka tambaye shi sai ya kawo cikin kwana 90. Manyan rukunonin ƙasa da ƙasa da kuɗin shigarsu na shekara ya kai naira biliyan 160 kuwa, akwai ƙarin rahoto a kansu mai nuna ribarsu da harajinsu ƙasa bayan ƙasa.

Tarar ba ta wasa ba ce. A ƙa'idojin 2018, rashin miƙa fom na shekara yana jawo naira miliyan 10 ko kashi 1 cikin ɗari na darajar cinikin, duk wanda ya fi yawa, da ƙarin naira dubu 10 a kowace ranar da aka ƙara ba a miƙa ba.

Shirin kamfani

'Yan kasuwa da yawa suna ɗauka cewa wannan magana ta kamfanonin mai da na sadarwa ce kawai. Ba haka ba ne, domin ƙa'idojin sun haɗa da cinikin da bai fita Najeriya ba. A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai injin casar shinkafa a Idu, da kamfanin tireloli, da shagon sari a Wuse, duk a Abuja, kowanne da rajistarsa. Tirelolin suna ɗauko wa injin shanshera, injin yana ba shagon buhuna, ranar da kuɗi ya yanke wa ɗaya sai Alhaji ya ce a ɗebo daga asusun ɗayan. A idonsa duk dukiyarsa ce. A idon doka kuwa sufuri ne da sayarwa da rance, kowanne da farashinsa. Dalilin sa idon ma a fili yake: Dokar Kuɗi ta 2019 ta yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba, ta sanya wa manya kashi 30, saboda haka tura riba zuwa ƙaramin kamfani yana rage abin da ke shiga baitulmali.

A nan aikin ya fi nauyi, tun kafin a kai ga cike fom. Sai an zauna an tsamo kowane ciniki irin wannan daga littattafan akanta, har da waɗanda ba a taɓa yanka musu rasit ba, kamar ofishin da ake zaune ciki ba haya, ko manajan da ke yi wa kamfani uku aiki amma ɗaya ke biyan albashinsa. Sannan a rubuta yarjejeniya a kan kowanne, a tabbatar abin da ke takarda shi ake yi a zahiri. Takardar da aka haɗa cikin dare bayan wasiƙar bincike ta iso ba ta cika ɓoyuwa ga jami'in haraji ba.

Daga nan sai zaɓen ma'auni. Hanyoyi biyar aka amince da su. Mafi sauƙin fahimta ita ce a kwatanta farashin da wanda aka yi wa bare a kan kaya iri ɗaya. Sauran suna duba ribar mai sari, ko abin da aka ɗora a kan kuɗin samarwa, ko ribar ƙarshe, ko yadda aka raba riba tsakanin ɓangarori. Matsalar da aka fi kuka da ita ita ce ƙarancin bayanan kamfanonin cikin gida da za a yi kwatancen da su, abin da ke tilasta wa akantoci sayen bayanan ƙasashen waje su daidaita su da yanayin Najeriya. Ana ajiye duk takardun aƙalla shekara shida.

Shari'ar farko

A watan Fabrairun 2020 kotun sauraron ƙararrakin haraji da ke Legas ta yanke hukunci na farko a kan wannan batu, tsakanin kamfanin Prime Plastichem da FIRS. Kamfanin yana shigo da kayan roba daga wani kamfani mai alaƙa da shi a waje, kuma ya auna farashinsa da hanya ɗaya a wata shekara, ya sauya wata a shekarar da ta biyo. Kotun ba ta gamsu da hujjojinsa ba, ta tabbatar da ƙarin harajin kusan naira biliyan 1.7 da hukumar ta ɗora masa.