Gaɓoɓin Haihuwa na Mace: Tsarinsu da Aikinsu

Gaɓoɓin haihuwa na mace su ne sassan jikin da ke samar da ƙwai, su karɓi maniyyi, su raini ɗan tayi tsawon wata tara, sannan su fito da shi duniya. Mafi yawansu suna cikin ƙugu, mafitsara na gabansu, ƙarshen hanji na bayansu. Wannan maƙwabtaka ce ta sa mai juna biyu ke yawan fitsari, kuma ita ce ta sa doguwar naƙuda ke iya barin mace da yoyon fitsari.

Ma'ajiyar ƙwai da bututun mahaifa

Ma'ajiyar ƙwai biyu ce, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace girmanta kamar ɗan dabino, tsawon santimita 3 zuwa 4. Jikin namiji kullum cikin ƙera maniyyi yake, amma mace da ƙwanta ake haihuwarta, kimanin miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa kamar 300,000 ko 400,000, kuma waɗanda za su nuna su fito a duk rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran narkewa suke yi a hankali. A ma'ajiyar ƙwai ne kuma ake samar da sinadarai biyu masu tafiyar da al'ada, istirojin da furojestaron.

Daga kowane gefen mahaifa akwai siririn bututu mai tsawon santimita 10 zuwa 12. Bakinsa ba a manne yake da ma'ajiyar ƙwai ba, yana da wasu zara-zara kamar yatsu da ke share ƙwan su jawo shi ciki. A cikin bututun ne ƙwai ke haɗuwa da maniyyi, sannan wasu ƙananan gasu su riƙa tura shi har ya isa mahaifa cikin kwana 3 zuwa 4.

Wannan bututu ba ya jure ciwo. Ciwon sanyi da kilamidiya, waɗanda ake ɗauka ta hanyar saduwa, sukan hau daga ƙasa su kumbura shi, in ya warke ya bar tabo. In ya toshe gaba ɗaya ta dama da hagu duka, ciki ba ya shiga. In ya ƙuntata kawai, ƙwan kan maƙale ya fara girma a nan, abin da ake kira ciki a wajen mahaifa. Macen da ta yi ɓatan wata, sannan ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara tare da jiri ko ɗigon jini, a kai ta asibiti nan take, domin in bututun ya fashe jini a ciki yake zuba, ido ba ya ganinsa.

Mahaifa da bakinta

Mahaifa jaka ce ta tsoka mai kauri, siffarta kamar ɗan tulu da aka kifa, tsawonta kimanin santimita 7 zuwa 8, nauyinta wajen giram 60. A ƙarshen goyon ciki takan kai kilo 1. Tsokarta ce ke matsawa lokacin naƙuda, kuma bayan mabiyiya ta fita ita ce ke ɗamewa ta danne jijiyoyin jini. In ta saki ba ta ɗame ba, sai jini ya ɓalle. Jinin da ya kai mililita 500 bayan haihuwa haɗari ne, shi ya sa ungozoma ke murza marar mai jego, a kuma yi mata allurar oksitosin mai sa mahaifa ta ɗame. A wannan tsoka ne ƙari, wato dunƙulen nama, kan tsiro a mahaifa. Yawanci ba sankara ba ne, amma yakan jawo jinin al'ada mai yawa har mace ta rasa jini.

Bakin mahaifa tsawonsa kamar santimita 3 ne, a tsuke yake, sai a naƙuda ya buɗe har santimita 10. Ruwan da yake fitarwa yana canzawa: yawancin kwanaki mai kauri ne, amma dab da fitar ƙwai sai ya yi garau, ya yi yauƙi kamar kuɓewa, don maniyyi ya samu hanya. Kusan duk sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, kuma takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, saboda haka gwaji na iya gano ta da wuri. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta.

Farji da sassan waje

Farji hanya ce mai tsawon santimita 7 zuwa 10, mai naɗe-naɗe da ke ba ta damar buɗewa. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a ciki suna sa wurin tsami, tsamin nan kuwa shi ke hana cuta zama. Wanke ciki da sabulu, ko cusa kayan matsi da alif, kashe su yake yi, sai ƙaiƙayi da wari su biyo baya. Ruwa a waje ya wadatar.

A waje akwai leɓɓa manya da ƙanana, da ɗan tsaka mai tarin jijiyoyin ji, da ƙofar fitsari wadda dabam take da farji. Tantanin budurci siffarsa ta bambanta daga mace zuwa mace, kuma mata da yawa ba sa jini a saduwar farko, don haka rashin jini ba hujja ba ce a kan kowa. Kaciyar mata da yankan gishiri ba su da wani amfani ga lafiya. Askar kan huda mafitsara, kamar yadda kan jariri ke kashe naman wurin in ya daɗe a maƙale. Ana gyara irin wannan yoyo da tiyata, misali a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina.

Zagayen al'ada

Ana ƙirga shi daga ranar farko ta jini zuwa ranar farko ta jini na gaba, kwana 21 zuwa 35, jinin kansa kwana 2 zuwa 7. Wani ɗan ƙulli a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ne ke aiko da sinadarin FSH ya nunar da ƙwai, istirojin kuma ya kaurara shimfiɗar cikin mahaifa. Sai sinadarin LH ya hauhawa, ƙwan ya fito. Hakan na faruwa kimanin kwana 14 kafin jini na gaba, ba lallai a rana ta 14 ba. Mai zagayen kwana 35 ƙwanta wajen rana ta 21 yake fita, kuma nan ne masu neman haihuwa da yawa ke kuskuren lissafi.

Ƙwai awa 12 zuwa 24 kawai yake rayuwa, maniyyi kuwa yakan kai kwana 5 a jikin mace. In ciki bai shiga ba, furojestaron ya sauka, shimfiɗar ta zube, shi ne jinin haila. In ya shiga, sai jiki ya fara samar da sinadarin hCG, wanda tsinken gwajin fitsari ke ganowa.

Al'ada kan ɗauke tsakanin shekara 45 zuwa 55. Jinin da ke zuwa ba a lokacin al'ada ba, wanda malaman fiƙihu ke kira istihala, yana da hukuncinsa a ibada, amma ta fuskar lafiya yana bukatar bincike, haka ma jini bayan saduwa, da duk jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada.